Yadda ake tayar da tsohuwar na'urar finbol ta Bally, daga filogi zuwa walƙiya ta bakwai

Duk wanda tsohuwar na'urar finbol ta Bally ta faɗo hannunsa, irin waɗanda aka ƙera a yankin Shikago tsakanin 1977 da 1985, abin da zuciyarsa za ta fara raya masa shi ne ya soka filogi ya ga ko za ta kama. Kada ya kuskura. Na'urar da ta shekara goma ko ashirin a ajiye tana iya ƙona a cikin daƙiƙa biyar abin da za a yi wata ana nema. Akwai tsarin da ake bi, kuma tsarin daga bango yake farawa, ya bi wuta mataki mataki har ya kai ga ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da na'urar. Yawancin masu gyara na farko ƙwaƙwalwar suke fara zargi, alhali sau da yawa laifin yana wajen wutar da ke ciyar da ita, ko mahaɗan wayoyi, ko wani ɗan batir da ya yi yoyo.

Ga wanda bai santa ba, finbol doguwar akwati ce mai ƙafa huɗu da murfin gilashi. A ƙarƙashin gilashin akwai fili mai gangara inda ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 27 yake kai-kawo yana dukan abubuwa yana tara maki, ɗan wasa kuma yana hana shi faɗawa rami da 'yan sanduna biyu da ake kira filifa. A tsaye a bayanta akwai wata akwatin, a nan allunan lantarki da fuskokin nuna maki suke.

Yadda aka zo nan

Har zuwa tsakiyar shekarun 1970 babu kwamfuta ko ɗaya a cikin finbol. Lissafin gaba ɗaya ƙarfe ne yake yi: tarin rile, wato makunnan da wuta ke buɗewa da rufewa, da wani ɗan inji mai juya faifai masu haƙora, da gangunan lambobi masu juyawa suna ƙara. A 1974, a Milwaukee, Dave Nutting da Jeff Frederiksen suka kwashe hanjin wata na'urar Bally mai suna Flicker, suka ɗora ta a kan ƙaramar ƙwaƙwalwa ta Intel 4004, ta kuwa yi wasa. A 1975 wani ƙaramin kamfani mai suna Mirco Games ya fito da Spirit of 76 kasuwa, amma ba ta yi wani tasiri ba. Bally ta zauna ta ƙera nata tsarin a kan Motorola 6800, ta fara da Freedom a ƙarshen 1976, sannan Night Rider da Evel Knievel. Eight Ball ta 1977 ce ta yanke gardama, don an ƙera ta fiye da guda 20,000. A shekarar ce kuma Williams ta fito da Hot Tip, Gottlieb ta fito da Cleopatra da allunan da kamfanin Rockwell ya tsara mata, Stern kuwa ta kwaikwayi na Bally kusan layi da layi.

Kowanne da irin ciwonsa. Na Williams wani mahaɗi ne mai haƙora 40 tsakanin allon ƙwaƙwalwa da allon da ke tuƙa koyil (naɗin wayar da ke zama maganaɗisu ya ja sandar ƙarfe), da ya tsufa sai na'urar ta riƙa haukacewa. Na Gottlieb kuwa ayisi (IC, 'yan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da yawa) ɗin Rockwell an daina yin su tuntuni, ga matsalar layin ƙasa da ba ya daidaita tsakanin alluna. Bally ta fi sauƙin sha'ani, domin ta raba aikin gida gida ta kuma riƙe tsari guda kusan shekara takwas. Allon ƙwaƙwalwa na farko, AS-2518-17, shi ya yi aiki har 1978, lokacin da sauti bai wuce ƙararrawar ƙarfe da ake doka ba. Daga Lost World aka koma AS-2518-35 tare da sautin lantarki. Wanda ya fahimci ɗaya ya fahimci gomman na'urori, har da na Stern na wannan zamani.

Buɗe akwatin baya ka san mazauna gidan. Sama ta hagu allon ƙwaƙwalwa ne, ƙarƙashinsa allon fitilu. Sama ta dama allon koyil ne, wanda shi ne kuma yake daidaita volt 5 da volt 190. Ƙasa ta dama taransifoma ce da ƙaramin allon juya wuta, ko da yake a na'urorin baya an mayar da su cikin ƙasan babbar akwati. A jikin ƙofar akwai fuskokin maki biyar, huɗu na 'yan wasa, ɗaya na nuna kuɗin wasa da lambar ƙwallo.

Kafin wuta ta shiga

Ka tanadi mita mai auna volt da om da dayod, ƙarfen narka dalma mai daidaita zafi, abin zuƙe dalma, filayar matse bakin waya, da takardar zanen wayoyin na'urar da kake aiki a kanta. Kada ka raina takardar nan, lambar kowace waya da kowane haƙori tana ciki.

Fara da wutar bango. Na'urar da aka taso da ita daga Amurka an ɗaura taransifomarta ne a kan volt 115 ko 120, mu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 muke sha. Taransifomar tana da kunnuwa na 220 da 240, sai a warware gadojin wayar da ke kanta a sake ɗaura su yadda zanen ya nuna. Abin da ake yawan mantawa shi ne ɗan faifan kariya daga tsallen wuta da ke kusa da matatar layi a cikin akwati. Na Amurka na volt 130 ne, da ya ji 230 zai fashe da ƙara da hayaƙi. Sa na volt 275 a madadinsa. Ka kuma tabbata filogin mai ƙafa uku ne kuma layin ƙasa ya isa har ƙarafan gefe da ƙofar kuɗi, domin nan hannun ɗan wasa yake.

Sai fis. Cire kowanne ka karanta abin da ke rubuce a kansa, kada ka yarda da ido. A allon juya wuta, AS-2518-18, ga yadda suke: F1 amfiya 10 na fitilun da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa, F2 kashi uku cikin huɗu na amfiya mai jinkirin yankewa na volt 230, F3 amfiya 4 na volt 11.9, F4 amfiya 5 na koyil, F5 amfiya 20 na fitilun haskaka fili, F6 kuma na babban layi. Akwai wani na amfiya 1 mai jinkiri a ƙarƙashin fili, kusa da filifa. In ka tarar wani ya cusa na amfiya 20 a gurbin na 5, ko ya naɗe matacce da takardar sigari, ka san akwai abin da ya ƙone a gaba, ka neme shi.

Ɗaga filin ka auna kowane koyil da mita. Na yau da kullum, irin 26-1200, yana ba da wajen om 11 ko 12. Na filifa naɗi biyu gare shi, mai ƙarfin yana ba da kusan om 3, na riƙon kuma ɗaruruwa. Duk koyil ɗin da takardar jikinsa ta yi baƙi, ko sandarsa ta ƙi motsi a cikin bututu, ko ya ba da ƙasa da om 2 da rabi, yanke waya ɗaya daga jikinsa tukuna.

Allon juya wuta

Zare dukkan mahaɗan allon ka bar J2 kaɗai, sannan ka kunna. Baƙar wayar mita a layin ƙasa, ja kuma ta bi wuraren gwaji, waɗanda aka yi wa lamba TP a jikin allon. TP1 ya ba da wajen volt 5.4 DC, TP3 wajen 11.9, TP5 wajen 43, TP4 kuma 7.3 AC. TP2 an rubuta masa 230, amma a wannan hali 150 da ɗoriya za ka gani, kuma ba laifi ba ne, domin kafasitar da ke cike masa gurbi tana can a allon koyil, ba a haɗa ta ba tukuna. In TP5 ko TP1 ya ba da kusan rabin abin da ya kamata, ɗaya daga dayod huɗu na gadar ya mutu.

Gadojin nan uku na asali ƙanana ne, na amfiya 8, kuma BR1 mai ɗauke da fitilu a bakin ƙarfinsa yake aiki tun ranar farko. Ana maye su da na amfiya 35 a sa musu abin sanyaya. Amma babban ciwon allon nan haƙoransa ne. Fitilun haskaka fili suna jan wuta mai yawa ta 'yan haƙora ƙalilan, sai zafi ya taru, ƙarfen ya yi duhu, duhun ya ƙara turjiya, turjiyar ta ƙara zafi, har robar ta ƙone ta yi launin gasasshiyar gyaɗa. Goge irin wannan haƙori da samfefa aikin banza ne, bayan wata biyu zai dawo, don ka kankare rufin da ke hana shi tsatsa. A sauya namiji da mace gaba ɗaya, girman inci 0.156, kuma a nemi bakin waya irin Trifurcon mai kama haƙori ta gefe uku. Waya ɗaya ɗaya ake yi, ana cire ta daga tsohon gida ana sa ta a sabo nan take, don kada a rikice.

Volt 5 da volt 190

Kashe, mayar da J3, amma ka zare J4 na allon ƙwaƙwalwa da mahaɗan fuskokin maki duka biyar. A allon koyil, TP1 da TP3 su ba da tsakanin 4.9 da 5.2. Ayisi mai daidaita wannan wuta LM323 ne, ba ya cika mutuwa. Mai mutuwa ita ce babbar kafasita C23, mai maikurofarad 11,000, wadda ta haura shekara arba'in tana bushewa. Juya mita zuwa AC ka ɗora a kunnuwanta: in ya wuce rubu'in volt, ta gama aiki. Mu dai shawararmu a sauya ta ko da ta ci jarrabawa, da mai 12,000 zuwa 15,000 a volt 25. Tun da allon yana hannunka, yi masa gyara biyu da aka daɗe da sani: haɗa TP1 da TP3 da guntuwar waya ta baya, domin a tsarin asali volt 5 ɗin fita yake ta mahaɗi ya zagayo ya dawo, sannan ka haɗa ƙafar ragi ta C23 kai tsaye da layin ƙasa na allon.

Ɓangaren volt 190 yana ƙarƙashin murfin roba, kuma ba don ado aka rufe shi ba. Kafasita C26 tana riƙe wuta bayan an kashe na'ura, sai ka auna ka ga ta sauka kafin yatsa ya je wurin. TP4 zai ba da 230, TP2 kuma 190. In ka ga duka biyun suna ba da 230, tiransistocin daidaitawa sun haɗe, kuma mugun abin shi ne fuskokin maki za su ci gaba da haske kamar lafiya lau, suna cin kansu a hankali. Sauya Q21, wato 2N3584, da Q22 da Q23, wato 2N3440, duka a lokaci guda, domin ɗaya yakan ja sauran kabari, ka kuma duba R51 ko ta ƙone. Idan ya dawo daidai, murɗa ɗan abin saitin ka sauke shi zuwa wajen 170. Ido ba zai ga bambanci ba, gilashin kuwa zai ƙara shekaru.

Batirin da ya cinye rabin allunan Bally

A gindin allon ƙwaƙwalwa, Bally ta lika batirin nikel da kadmiyom mai volt 3.6, don ayisi 5101 ya riƙe lissafin kuɗi da maki mafi yawa in an kashe wuta. Ba wanda ya zaci na'urar za ta wuce shekara biyar tana aiki. Da batirin ya tsufa sai ya fara fitar da ruwa da tururi, kuma abin da ya fi kusa da shi su ne da'irar tayar da ƙwaƙwalwa, da soket ɗin U8, U7 da U11, da mahaɗin J4. Alamarsa dalma ta dushe ta yi toka toka, ƙafafun kaya su yi kore ko shuɗi, koren fentin allo ya kumbura. Yana kuma bin cikin waya ya gangara har allon fitilu da ke ƙasa.

Mutane suna ce masa asid, amma ba asid ba ne, ɗan gidan kanwa ne, shi ya sa zuba masa bakin soda ba ya kashe shi. Tsami ne maganinsa. Yanke batirin ka yar. Cire duk abin da ya taɓa, kada ka yi tunanin ceton rasista ko tiransistan da ƙafarsa ta yi kore. Tsohuwar dalmar da ta ci wannan guba ba ta narkewa da daɗi, sai ka kankare samanta ka ƙara mata sabuwa kafin ta saki. Goge wurin da samfefa mai laushi har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Haɗa farin khal da ruwa rabi da rabi, ka cuɗa wurin da buroshin goge baki, ka bar shi 'yan mintuna, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka bi da sifirit don ya kori ruwan, sannan ka bar shi ya kwana ya bushe. Kafin ka mayar da kaya, bi kowane layi da mita daga wannan ƙarshe zuwa wancan, musamman 'yan ramukan da ke haɗa gaban allo da bayansa, domin nan gubar take ɓuya. Bayan an gama a shafa wa jan ƙarfen dalma ko fentin kariya.

Kada ka mayar da batir kan allon. Ko dai ka sa ayisin NVRAM a gurbin 5101, wanda ba ya buƙatar batir sam, ko ka ja waya ka ajiye gidan batir AA uku a ƙasan akwati. In ka zaɓi na biyu, dole ka sa dayod a layin ƙari, bakinsa mai zobe yana kallon allo, domin allon yana tura caji, batirin AA kuwa ba na caji ba ne, zai fashe. In gubar ta haura har soket ɗin U9 da U10, lissafa lokacinka da gaskiya. Akwai sababbin alluna irin na Alltek masu ɗauke da shirin kusan dukkan waɗannan na'urori, a zaɓa da 'yan makunnai.

Karanta fitilar

Mafi kyawun abin da injiniyoyin Bally suka yi shi ne 'yar fitila guda a kan allon ƙwaƙwalwa. Da an kunna, takan yi wani ɗan ƙiftawa, sannan ta yi walƙiya bakwai, kowacce shaida ce cewa wani sashe ya ci gwaji. Abin da za ka lura da shi shi ne wadda ba ta zo ba.

In fitilar ta kama ta tsaya cak, ƙwaƙwalwar ba ta ma tashi ba. Auna ƙafa ta 40 ta U9, wato 6800 ɗin kansa. Ya kamata ta ɗan tsaya a ƙasa sannan ta haura kusan volt 5. In ba ta haura ba, koma kan Q1 da Q5 da zina VR1 mai volt 8.2, waɗanda aikinsu shi ne su riƙe ƙwaƙwalwa har sai wuta ta daidaita. In ta haura amma fitilar ba ta mutu ba, zargi soket ɗin U9, U6 da U11 kafin ka zargi ayisin da ke cikinsu.

Walƙiya ta farko tana nufin shirin da ke cikin ROM, su U2 da U6, ya cika daidai. Rashinta yakan zo daga ƙafafun da suka yi baƙi, ko kuma gadojin allon ba su dace da irin ROM ɗin da aka sa ba, abin da ke faruwa in an ɗauko allo daga wata na'urar. Ta biyu ta U7 ce, wato 6810, mai riƙe bayit 128 kacal. Ta uku ta U8 ce, wato 5101, kuma a nan aka fi tsayawa, don ita ce maƙwabciyar batir, ga shi tartsatsin jikin mutum kaɗai yana kashe ta. Ta huɗu da ta biyar na U10 da U11 ne, tagwayen 6821 da ƙwaƙwalwa ke magana da duniya ta bakinsu. Tun da iri ɗaya ne, musanya su ka ga ko laifin ya bi ɗaya. Ta shida tana jiran bugun da ayisi 555 na U12 yake yi wajen sau 320 a daƙiƙa don sabunta fuskokin maki.

Ta bakwai ita ce mai ruɗin mutane. Tana jiran alamar da ake tsamowa daga layin volt 43 duk lokacin da igiyar AC ta ratsa sifiri. Saboda haka walƙiya shida ba ta bakwai, sau da yawa ba ciwon allo ba ne, fis F4 ne ya yanke, ko mahaɗin J4 ya saki. Auna TP3 na allon, ya ba da wajen 21.5. Haka kuma in kana gwada allon a kan tebur da wutar tsohuwar kwamfuta, volt 5 a TP5, 12 a TP2, layin ƙasa a TP4, walƙiya shida ita ce cikakkiyar lafiya, kada ka wahalar da kanka neman ta bakwai.

Wannan alama ta sifiri ita ce bugun zuciyar na'urar, kuma fahimtar ta tana bayyana abubuwa da yawa. Allon fitilu yana da SCR, wato makunnan lantarki masu kunna fitilu, guda 60, ƙananan 2N5060 da manyan MCR106. Halin SCR shi ne in an kunna shi ba ya mutuwa sai wutar da ke ratsa shi ta faɗi sifiri. Shi ya sa da gangan aka bar layin 5.4 babu kafasita, yana tashi yana faɗuwa sau 120 a daƙiƙa a wutar Amurka, sau 100 a irin tamu. Kowace faɗuwa tana kashe dukkan fitilu, sai ƙwaƙwalwa ta sake kunna waɗanda take so. Wanda ya ga babu kafasita ya ce bari ya kyautata ya ƙara, zai ga kowace fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Wannan hali ne kuma yake sa fitilun LED ƙyafƙyaf a waɗannan na'urori, don ba sa jan wutar da za ta riƙe SCR a buɗe, sai an ƙara musu rasista ko an sa allon da aka yi dominsu. In kwan fitila na gargajiya za ka sa, lamba 47 ya fi 44, yana jan miliamfiya 150 maimakon 250, mahaɗai da robobin fili su huta da zafi.

Koyil, makunnai da fuskokin maki

Da an samu bakwai, jan maɓallin da ke bayan ƙofar kuɗi shi ne jagora. Dannawa ta farko tana walƙa dukkan fitilu, ta biyu tana juya lambobi a fuskoki, ta uku tana harba koyil ɗaya bayan ɗaya tana nuna lambarsa, sannan gwajin makunnai, wasu na'urorin kuma suna sa gwajin sauti a tsakani.

Kowane koyil yana da volt 43 a jikinsa kullum, kuma in ban da na filifa, tiransista ne kawai yake ba shi hanyar zuwa ƙasa. In koyil ya ƙi motsi, ɗaura waya a layin ƙasa ka ɗan taɓa kunnen ƙarfen tiransistansa, taɓawa ɗaya kamar ƙiftawar ido. In ya harba, koyil da waya lafiya, laifin yana kan allo ko saƙon da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa. In koyil ya manne da zarar an kunna, kashe nan take, tiransistan ya haɗe. Sa TIP102, ka sauya dayod da ke bayansa a allo, ka kuma sauya 1N4004 da ke jikin koyil ɗin. Wannan dayod shi yake shanye wutar da koyil ke amayowa in an sake shi, kuma sau da yawa mutuwarsa ce take kashe tiransistan tun farko. Zobensa yana kallon kunnen da wutar 43 take shigowa. Juya shi baibai, sabon tiransistan ya tafi a harbi ɗaya. In kuwa filifa suna aiki amma sauran koyil na fili duka shiru, wancan fis na amfiya 1 ne.

Makunnan fili an jera su layi 5 sau 8, wato 40, kowanne da dayod ɗinsa don kada saƙo ya bi ta baya. Dayod guda da ya haɗe yana sa a doki abu ɗaya na'ura ta ba da makin wani. Wasu makunnan suna da 'yar kafasita mai maikurofarad 0.047 don tsawaita taɓawar da ta yi sauri, in ta lalace sai makunnin ya riƙa rufe kansa ba wanda ya taɓa shi. Yanke ƙafarta ɗaya, in abin ya daina ka gano ta. Bakunan waɗannan makunnai ruwan zinariya gare su, kada a kusance su da magagari. Sa guntun kati mai tsabta a tsakani, matse, ja. Waɗanda ake gogewa da magagari su ne na maɓallan filifa da na ƙarshen bugu, masu ɗaukar wuta mai yawa. Na ƙarshen bugun ya buɗe kamar milimita 3 in filifa ta kai ƙarshe. In bai buɗe ba koyil zai gasu a hannun mai riƙe maɓalli, in kuma bakinsa ya yi datti filifa za ta yi sanyi.

Fuskokin maki gilashin iskar gas ne mai ba da hasken ruwan lemo. Lamba guda ta ɓace a fuska ɗaya, duba rasistocin 100K, su R1, R3, R5 har R11, ƙanana aka sa suna ƙonewa, a mayar da masu rabin wat. Fuska tana ƙyafƙyaf in an taɓa ta, dalmar haƙoranta ce ta tsage, a sake narka ta. Amma in sashe ɗaya na lamba ya rikice a dukkan fuskokin biyar, koma J1 na allon ƙwaƙwalwa, ko ka riƙa zare su ɗaya ɗaya, domin fuska guda mai ciwo tana iya ja wa sauran. Kada a zare ko a soka fuska da wuta a kunne.

Saura abu guda da ke sa a zaci gyara bai yi ba. Sabon 5101 ko NVRAM yakan zo da shirme a cikinsa, sai na'ura ta ƙi karɓar kuɗi ko ta nuna lambobin da ba su da kai. Ci gaba da danna maɓallin gwaji har ka shiga shafukan lissafi, a kowane shafi ka danna maɓallin S33 da ke kan allon ƙwaƙwalwa ya koma sifiri, sannan ka saita makin samun wasan kyauta da maɓallin fara wasa. Shirin asali ba shi da wasa ba kuɗi, don haka masu ajiye ta a gida sukan sa matakin farko a 10,000, yadda kowane wasa zai haifar da wani. Kafin wasan farko sa sabon ƙwallo, domin tsohon da ya yi tsatsa yana cin fentin fili kamar samfefa, ka sauya robobi, ka kuma yi wasan gilashi a cire, hannu ɗaya kusa da makunnin kashewa da ke ƙarƙashin akwati ta dama, kana sauraron ko wani koyil zai yi gunji ya ƙi saki.